Makulli na Biyu Yana Hannun Wa?

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci.

Sharhinmu na yau kan wata 'yar na'ura ce da ba ta fi akwatin ashana biyu ba, wadda masu jan Keke Marwa a Agege da direbobin tanka a Apapa da yawa ke yawo da ita ba su taɓa sa ta a ido ba. Tiraka ake ce mata. Mai wayarin ne ke ɓoye ta a bayan dashbod ko ƙarƙashin kujera, ya jona ta da batir. A cikinta akwai abin da ke kama sigina daga taurarin ɗan'adam na GPS, akwai layin waya irin wanda ke aljihunka, sai wani ɗan makunni da ake ɗaura wa wayar da ke kai wuta famfon mai. Bini-bini tana aika rahoto: ga inda nake, ga gudun da nake yi, an tayar, an kashe. Rahoton ba wurin mai mota yake zuwa kai tsaye ba. Yana fara sauka a manyan kwamfutocin wani kamfani, ko a Ikeja, ko a Sin, ko a Amurka, daga can mai mota ke gani a wayarsa. Ta nan kuma umarni ke biyowa. Ya danna, makunni ya yanke mai, inji ya mutu.

Amfaninta a fili yake. Alhajin da ya loda tumatir daga Kano zuwa kasuwar Mile 12, a da sai abin da direba ya gaya masa. Yanzu yana kishingiɗe yana ganin motar ta wuce Jebba ko ta kwana a Ogbomosho. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, ga gas da ma ya riga ya yi tsada, masu manyan motoci da masu dogayen gine-gine a Ikoyi da Victoria Island suka koma sa ma'auni a tanki, lita goma ta ragu da tsakar dare waya ta yi ƙara. Famfon bohol ya tashi da kansa idan tanki ya yi ƙasa, a kashe na'urar sanyaya ofis daga gida, a buɗe get daga waya. Mafi girma a wurina shi ne bashi: yaron da ya sauka Legas ba fili ba gida, ba mai tsaya masa, yau ana ba shi keke ko sola ya riƙa biya kaɗan-kaɗan. Me ya sa aka yarda da shi? Domin mai kaya ya riƙe makulli na biyu.

To a nan gizo ke saƙar. Makullin da ke hannunka na tayarwa ne kawai. Na kashewa yana wani wuri, kuma ba kullum ne yake hannun wanda kake zato ba.

A shekarar 2010, a birnin Austin na jihar Texas a Amurka, wani matashi da aka kora daga kamfanin sayar da motoci bashi ya shiga tsarin kamfanin daga gida, ya hana motoci sama da 100 tashi, wasu ya sa su yi ta hon. Masu motocin ba su yi wa kowa laifi ba. A 2015 wasu masu bincike biyu, Charlie Miller da Chris Valasek, suka nuna za su iya sarrafa motar Jeep Cherokee daga nesa tana kan babban titi, abin da ya sa kamfanin Fiat Chrysler ya yi kiranyen motoci miliyan 1.4 domin gyara. Wani zai ce ai waɗannan motocin Turawa ne, ina ruwan mai keke? To a 2022 kamfanin bincike na BitSight ya bankaɗo ɓaraka a wata tiraka mai arha ƙirar Sin, MiCODUS MV720, irin ajin da ake sayarwa ko'ina a duniya, har hukumar tsaron intanet ta Amurka ta fitar da gargaɗi. Ɗaya daga cikin matsalolin: lambar sirrin da take zuwa da ita 123456 ce, kuma ba a tilasta wa kowa ya canza. Wanda ya shiga zai ga inda motar take, zai kuma iya yanke mata mai.

Ku ɗan tsaya ku hango wannan a Legas. Tanka cike da fetur tana hawan gadar Ijora, ko bas ɗauke da mutane a tsakiyar gadar Third Mainland, inji ya ɗauke. Sitiyari ya yi nauyi, birki ya fara tauri, na baya bai san abin da ake ciki ba. Ba sai ɗan kutse ba ma. Ya isa a ce wani yaro a ofishin masu ba da bashi ya ga sunanka cikin waɗanda ba su kawo balas ba, ko kuwa ka biya amma kuɗin ya maƙale a banki, ya danna. Da yawa daga cikin na'urorin nan ana iya saita su kada su yanke mai sai mota ta tsaya ko ta rage gudu sosai. A ganina wannan bai kamata ya zama alfarma ba. Duk mai ba da abin hawa bashi, ya rubuta a takardar yarjejeniya kwana nawa ne wa'adi, ta yaya za a yi gargaɗi, sannan ba za a kashe ba sai abin hawa yana tsaye. Ƙungiyoyin direbobi da sarakunan Hausawa na unguwanni, waɗanda ake kai wa ƙara bayan an yi rigima, su ne ya dace su nemi wannan tun kafin a sa hannu.

Sai kuma ranar da sabis ya ɗauke. Ba mu manta da 14 ga Maris 2024 ba, lokacin da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku guda huɗu, MainOne da WACS da SAT-3 da ACE, suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma. Masu POS da bankuna suka wuni suna ba da haƙuri. A Disamban 2021, da rumbun kwamfutocin Amazon ya samu tangarɗa a Amurka, mutane suka kasa amfani da kyamarorin ƙofar gidajensu. A Afrilun 2022 kuwa kamfanin Insteon, mai kayan sarrafa fitilun gida, ya kashe kwamfutocinsa ba sallama, manhajar da mutane ke amfani da ita ta daina aiki. Kaya naka ne, ka biya kuɗinka, amma ransa na hannun wani. Saboda haka mai gida a Lekki da ke shirin sallamar Malam maigadi don ya sa get mai buɗewa da waya, ya fara tambaya: idan ba wuta ba sabis, ana iya buɗe shi da hannu? Kyamara tana gani, amma ba ta san cewa baƙon nan tun jiya yake zagaye layin ba.

Akwai batun da direbobi ba su cika ɗagawa ba. Na'urar nan ta san masallacin da kake tsayawa, da gidan da kake kwana, da asibitin da ka kai iyali. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ba ka damar tambayar kamfani abin da ya tara a kanka da wanda yake bai wa, kuma akwai hukumar da ake kai wa koke, wato NDPC. Direban da ke aiki da motar wani yana da haƙƙin a gaya masa cewa ana bibiyarsa.

Kai kuma mai mota, idan mai wayarin ya gama ɗaurawa, kada ka bar gareji sai ka canza lambar sirri da hannunka, ka kuma tabbatar da sunan wa aka yi rajistar layin da ke ciki. Sau da yawa layin nasa ne, lambar ma shi ya sa, kuma ita ce ya sa wa duk motar da ta shigo garejin a makon.