Sawun Ɗalibi a Intanet: Me Na'ura Take Ƙirgawa?

(Lacca ce da aka gabatar a gaban malaman jami'a, an rubuto ta daga faifan murya.)

Assalamu alaikum. Malamaina da abokan aiki, na can baya kuna jina? To, madalla.

Malamin da ke tsaye gaban aji ba ya bukatar a faɗa masa ɗalibai sun gaji. Yana ganin wanda ya zabga tagumi, da wadda birota ya tsaya cak, da mai satar kallon agogo. Da karatu ya koma intanet sai aka raba mu da wannan idon, aka miƙo mana alƙaluma. Manhaja irin su Moodle, wadda Martin Dougiamas ya fitar a 2002, tana faɗa maka sau nawa ɗalibi ya shiga, fayil nawa ya sauke, minti nawa ya yi. Mu kuma muka raɗa wa wannan suna himma.

Bari in ba ku labarin abin da ya taɓa kunyata ni. Akwai wata ɗaliba da na ga sunanta can ƙasan jeri, da ƙyar take leƙo shafin darasi. Na aika mata saƙo mai ɗan zafi. Ba ta yi musu ba, hoto kawai ta turo mini: ashe ranar farko ta sauke takardun duka ta buga su, gefen kowane shafi ya yi baƙi ƙirin da rubutunta, har da inda ta ja layi ta rubuta "ban yarda ba". Wanda ke saman jerin kuwa, buɗe shafi yake yi ya tafi harkarsa.

Ku lura, na'urar ba ta da agogon da ke auna zaman ɗalibi. Dannawa kawai take rubutawa. Ya danna ƙarfe tara, ya sake dannawa tara da rabi, sai ta ce ya yi rabin awa yana karatu. Dannawar ƙarshe fa, wadda babu wata a bayanta? Nan sai kintace. A 2015 Vitomir Kovanović da abokan aikinsa sun nuna cewa idan ka canza hanyar wannan kintacen, sakamakon binciken ma canzawa yake yi, alhali ɗaliban su ne dai.

Tun a 2004 Jennifer Fredricks da Phyllis Blumenfeld da Alison Paris suka kasa himma gida uku: abin da ɗalibi yake aikatawa, da yadda yake ji a ransa game da karatun, da wahalar da yake ba ƙwaƙwalwarsa. Na farkon kaɗai manhaja take gani, shi ma ɓangare.

Yanzu ga wanda nake so mu ɗan zauna a kansa. Jami'ar Purdue a Amurka ta fito da wani tsari mai suna Course Signals, mai fitila irin ta kan titi: kore, ɗorawa, ja. Yana duba makin ɗalibi da shigarsa manhaja ya kunna masa launi. Jami'ar ta ba da sanarwar cewa waɗanda suka ɗauki darussa da yawa masu wannan fitilar sun fi sauran kaiwa ƙarshen karatu. Aka yi ta tafi. A 2013 Mike Caulfield ya ce a dakata: ai wanda ya daɗe a jami'a dole ya tara darussa masu fitila, wanda ya fice da wuri kuma bai samu damar tarawa ba. Wato zaman ne ya kawo fitilar, ba lallai fitilar ce ta kawo zaman ba. Alfred Essa ya gwada lissafin a kwamfuta, ya cire fitila ya sa rabon cakulan a gurbinta, sai ga cakulan ma tana "hana ɗalibai barin makaranta". Kun yi dariya, amma rahoto nawa muka sa wa hannu mai irin wannan lissafin?

Wani zai ce to a tambayi ɗaliban mana. Ana yi. Tun shekarar 2000 Jami'ar Indiana ke gudanar da NSSE, tambayoyin da ake raba wa ɗalibai a ɗaruruwan jami'o'i. Yana da amfani, sai dai bakin ɗalibi ma ba ma'auni ne cikakke ba. A 2019 Louis Deslauriers da abokansa a Harvard sun gwada 'yan ajin fiziks: waɗanda aka sa su warware matsala da kansu sun ce ba su ƙaru sosai ba, waɗanda suka saurari lacca mai daɗi sun ce sun ƙaru. Da aka yi gwaji, na farkon ne suka fi ci. Wannan ya shafe ni da nake tsaye ina ta zuba a gabanku.

Abin da ya fi ɓata lamarin shi ne ɗora maki a kan alƙaluman. Ka ce kowa ya yi tsokaci uku a zauren tattaunawa kafin sha biyun dare, sha biyu saura kwata za ka ga "na yarda da kai, ka yi bayani mai kyau" sun jeru reras. Ba laifinsu ba ne. Abin da ka ce za ka biya shi suka kawo maka.

To a zubar da alƙaluman? A'a. Buɗaɗɗiyar Jami'ar Birtaniya tana da tsari mai suna OU Analyse, wanda ke hasashen wa zai kasa miƙa aikin da ke tafe, ya sanar da malaminsa domin ya tuntuɓe shi. Tun 2014 kuma suka rubuta ƙa'idar yadda za a yi amfani da bayanan ɗalibi. Ni a nan nake ganin amfaninsu: su nuna maka ƙofar da za ka ƙwanƙwasa.

Na ga mai kula da lokaci yana ɗaga mini hannu. Abin da nake yi yanzu shi ne, wanda ya yi shiru mako biyu, ina tura masa layi ɗaya: "Lafiya dai? Ina ka tsaya?" Duk ƙarshen mako kuma kowa zai rubuto mini abu guda da bai gane ba. Wanda bai karanta ba yakan ce komai ya gane. Waccan ɗalibar tawa ta taɓa aiko mini da guda bakwai, biyu daga ciki sai da na koma littafi kafin in amsa.

Bismillah, wa ke da tambaya?