Leza Ragewa Take Yi: Laccar Likitan Ido

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Abu uku zan faɗa kan aikin ido da leza, wanda ake yi don mutum ya ajiye gilashi.

Na farko, ina ake aikin? A gaban baƙin idonka akwai wata fata garai-garai kamar gilashin agogo, mu muna ce mata koniya. Malam, na ce ka sani, ban ce ka taɓa ba! (dariya) Kashi biyu cikin uku na tattara haske ita ke yi. In ta cika tudu, ko ƙwayar idon ta cika tsawo, sai ka ga yaro yana karanta littafi tar, amma allo daga bayan aji dishi-dishi. Leza tudun nan take kankarewa. A 1981 wani masani a kamfanin IBM, Srinivasan, ya gwada ta a kan ragowar talotalon da suka ci a gida, ya ga tana yanka ba ta ƙona gefe. Daga nan aka taso, har Amurka ta amince da LASIK, wato irin wannan aikin ido da leza, a 1999.

To ga inda nake son ku buɗe kunne. Kaurin koniya rabin milimita ne da ɗan ɗori, wajen maikiron 540 (maikiron dubu ne milimita ɗaya). A LASIK ana ɗaga murfi siriri, a kankare ƙarƙashinsa, a mayar, kuma dole a bar aƙalla maikiron 250 a ƙasa. Leza ragewa take yi, jama'a, ragewa! Abin da ta ɗauke ya tafi ke nan.

Wani saurayi ya zo mini, ya shekara biyu yana tara kuɗi. Muka ɗauki taswirar koniyarsa, sai ga ja jawur a ƙasan hoton, wurin ya yi tsini kamar kan ƙwai. Wannan shi ne keratokonas, koniya ta yi laushi tana turowa. Na ce, "Tun kana yaro kana murza ido?" Ya ce, "Likita, har yau da safe." Na ce ba zan yi ba. Ya ce, "Ni fa kuɗina a hannu." Wallahi na ji tausayinsa, amma in na kankare wannan ido na ƙarasa shi. Abin da ya dace da shi a ɗiga bitamin B2, a haska wani haske, koniyar ta yi tauri ta tsaya.

Iyaye mata, da ku nake. Yaron nan mai ƙaiƙayin ido, farin idonsa ya koma ruwan ƙasa, kullum bayan hannu a ido, musamman lokacin ƙura da zafi, kada ki ce zai bari in ya girma. Ki kai shi a ba shi maganin ɗigo. Murzar nan, murzar nan ce nake tsoro.

Na biyu, da sauri, an miƙo mini takarda. Wa ya dace a yi wa aikin? Shekara 18 zuwa sama, lambar gilashi ba ta canza ba shekara guda, ba mai ciki ba mai shayarwa. Bayan aiki ido kan bushe na watanni, wasu su ga zobe kewaye da fitilar mota da dare. Na huɗu... na uku ne? Baba, bismillah.

(Wani dattijo: "Likita, an ce ina da yana, lezar za ta wanke ta?")

A'a Baba, Allah ya ƙara lafiya. Yana ba a waje take ba, a ciki take, madubin da ke bayan baƙin ido ne ya yi hazo. Ciro shi ake yi a sa na roba, aikin minti ashirin ko ƙasa da haka. Kuma don Allah kada ka bari mai allura na gargajiya ya tura maka ita ciki, mun ga idanun da hakan ya kashe. Ka jira ni a bakin ƙofa in an tashi, fitilata tana aljihu.