Ma'aikatan Lafiyarmu da Gajiyar da Korona ta Bar Musu

Assalamu alaikum. Mai girma shugaba, iyayenmu maza da mata, malamai, 'yan'uwa, sannunku da zuwa.

A zauren nan akwai likitoci da nas-nas da masu aiki a gidajen kula da tsofaffi, kuma maganarsu ce ta tsayar da ni. Da aka kulle Ingila ranar 23 ga Maris 2020, mu muka shige gida, su suka fita. Kafin watan ya ƙare Dokta Alfa Sa'adu, ɗan Pategi, ya rasu yana da shekara 68; ya yi ritaya amma bai daina duba marasa lafiya ba. Allah Ya jiƙansa. Likitoci goman farko da cutar ta kashe a ƙasar nan, babu Bature ko ɗaya a cikinsu.

Ku tuna azumin shekarar: masallatai a rufe, mutum ya yi awa 12 cikin rigar kariya da takunkumi, ya kara wa mai gargara waya a kunne iyalinsa su yi masa ban kwana, ya koma gida yana tsoron taɓa 'ya'yansa. An yi musu tafi duk Alhamis da ƙarfe takwas, madalla, amma tafi ba ya sa barci. Binciken jami'ar King's College ta Landan da aka fitar a 2021 kan ma'aikatan sashen kulawa ta musamman 709 ya samu kusan rabinsu da alamun matsananciyar damuwa, ko firgici, ko makamancin haka.

Mu kuma mun san halinmu. A tambayi mutum, ya ce lafiya lau. In ya yi ƙorafi a ce ya yi haƙuri, wani ma ya ce imani ne ya yi rauni. Haba! Wanda ya ga gawa safe da yamma, in barci ya gagare shi, ina laifinsa? Kuma ba kowa zai buɗe wa ciki ba, sai abokin aikin da suka tsaya ɗaki ɗaya.

Don haka roƙona, shugaba: a ware musu zama nasu sau ɗaya a wata, ba ajanda, ba rubuta sunaye, abin da aka faɗa ya tsaya a nan. Wanda lamarinsa ya fi ƙarfin hira, akwai NHS Practitioner Health, shirin hukumar lafiya ta ƙasa da ke duba lafiyar ƙwaƙwalwar likitoci cikin sirri, akwai kuma layin Samaritans, masu sauraron wanda ke cikin damuwa, 116 123, kyauta dare da rana. Kuɗin ɗaki da shayi kawai nake nema daga asusun ƙungiya, in ma'aji ya yarda.

Na gode. Wassalamu alaikum.