Kakar 1982/83 ta Jami'ar Houston: wa ya zubar da kofin?

Hajara: Assalamu alaikum, masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Ni ce Hajara, tare da ni akwai Malam Bala da ƙanenmu Nura. Yau ƙwallon kwando za mu taɓa, ta jami'o'in Amurka, kuma baya za mu koma, kakar 1982 zuwa 1983 ta Jami'ar Houston. Malam, kai ka matsa a yi wannan hira.

Malam Bala: Wa alaikumus salam. Ni na matsa, saboda yaran yanzu sun san Hakeem Olajuwon na Houston Rockets, mai kofin NBA biyu, wato gasar ƙwararru ta Amurka, amma ba su san Hakeem ɗalibi ba. Kuma wannan kakar ce ta fito da shi duniya.

Nura: Ni dai abin da na sani, Malam, sun sha kashi a wasan ƙarshe na gasar jami'o'in ƙasar. Bidiyon nan na kocin da ke zagaya fili a guje yana neman wanda zai runguma.

Malam Bala: Jim Valvano ke nan, kocin North Carolina State, wato NC State, waɗanda suka doke su. Za mu zo kansa, kada ka yi gaggawa. Fara da yaron tukuna, Hakeem. An haife shi a Legas a 1963. Gola ne a ƙwallon ƙafa, yana kuma buga ƙwallon hannu. Makarantarsu ta zo gasar wasannin makarantun horon malamai a Sakkwato, yana cikin 'yan ƙwallon hannu, sai aka roƙa a ara shi ya buga wa 'yan kwando.

Hajara: A Sakkwato? Tamu ta nan?

Malam Bala: Birnin Shehu. Daga nan abu ya kankama. A 1980 ya sauka Houston. Shekarar farko bai buga gasa ba sam, ta biyu daga benci yake shigowa. Abin da ya gyara shi hutun bazara ne, inda ya riƙa zuwa wani zauren wasa da ake kira Fonde yana gwabzawa da Moses Malone, wanda a lokacin gwarzon NBA ne. Wanda ya saba da turereniya da Moses, ɗan jami'a ba zai ba shi tsoro ba.

Nura: To amma ba shi kaɗai ba ne a ƙungiyar.

Malam Bala: Ina! Ba ma shi ya fi cin maki ba, Michael Young ne. Ga Clyde Drexler, ga Larry Micheaux, ga Benny Anders daga benci, ga wani ɗan aji ɗaya mai rarraba ƙwallo, Alvin Franklin. Ka riƙe sunan nan. Kocinsu Guy Lewis, dattijo mai yawo da tawul mai ɗigo-ɗigon ja, yana kan kujerar tun 1956.

Hajara: Ni abin da ya ba ni sha'awa da nake karantawa, Lewis ya ɗauki danƙara ƙwallo cikin kwando a matsayin dabara, ba burga ba. A wurinsa wanda ya yi tsalle ya cusa ta da hannu ya fi mai jifa daga nesa tabbacin ci. Kuma ku tuna an haramta danƙarawar a jami'o'i daga 1967 har 1976, don haka ba a daɗe da dawo da ita ba. Wani ɗan jaridar Houston Post, Thomas Bonk, shi ya laƙaba musu Phi Slama Jama a farkon 1983, sunan ya bi su har yau.

Nura: Sakamakon fa, Yaya?

Hajara: Sun ci wasa 31, an ci su 3. Biyu daga ciki tun a Disamba ne, Syracuse da Virginia, na Virginia ɗin ma a Japan aka buga. Daga nan ba wanda ya sake taɓa su. A rukuninsu na Southwest wasa 16 suka buga, suka cinye duka. Da suka iso wasan ƙarshe, nasara 26 a jere ke bayansu.

Malam Bala: Kafin na ƙarshen akwai na kusa da na ƙarshe da Jami'ar Louisville, kuma a ganina shi ne ainihin wasan kakar. Ƙungiya ta ɗaya da ta biyu a ƙasar, dukansu masu tashi sama. Aka tashi 94 da 81. Bayan hutun rabin lokaci sai da Houston ta yi ta danƙarawa a jere har 'yan kallo suka rasa ta cewa. Hakeem ya ci maki 21, ya cafke ƙwallo 22 daga allon kwando. Kowa ya tafi gida yana cewa an gama, wasan ƙarshe na ranar Litinin cika umarni ne kawai.

Nura: Su kuma NC State ɗin?

Malam Bala: An doke su sau goma a kakar. Da ba su ci gasar rukuninsu na ACC ba, ƙila ko gayyatarsu gasar ƙasa ba za a yi ba. Wasanninsu kusan duk da ƙyar suke tsallakewa, a daƙiƙun ƙarshe.

Hajara: To, 4 ga Afrilu 1983, a Albuquerque, jihar New Mexico. Malam, faɗi laifin da kake ɗora wa dattijon, don na san da shi ka kwana.

Malam Bala: Laifi biyu ne. Na farko, Drexler ya yi ƙeta uku tun kafin hutun rabin lokaci, Lewis ya bar shi a fili, ya yi ta huɗu. A jami'a ta biyar fita ce. Ke nan ya kashe yaron da kansa, maki 4 kacal Drexler ya ci a daren. Aka tafi hutu NC State na gaba, 33 da 25. Da aka dawo Houston ta zama Houston, ta ci 17 su suna da 2, ta wuce gaba 42 da 35. Daidai lokacin da wuƙa ta kai wuya, sai Lewis ya ce a rage gudu, a baje a fili, a riƙa ɓata lokaci. Ka sayi ingarman doki, kana tsakiyar sukuwa ka ja linzami!

Hajara: Ban yarda ba, Malam, da girmanka. Albuquerque tana kan tudu, kusan mita 1,600 sama da teku, ta fi Jos tsawo. Houston kuwa kusa da teku take, ba tudu, kamar Legas. Hakeem sai da aka kai shi benci aka sa masa iskar oksijin. Kwana biyu kafin nan sun yi gudun fitar rai da Louisville. Me kake so kocin ya yi, ya bar su su faɗi?

Malam Bala: Ya canja 'yan wasa, yana da benci.

Hajara: Ba shi da Hakeem na biyu a benci. Kuma a lokacin babu agogon da ke tilasta jifa a wannan gasar, sai kakar 1985/86 aka kawo shi. Riƙe ƙwallo idan kana gaba abu ne da kowane koci ke yi. Ni a wurina jifan kyauta, wanda ake ba wanda aka yi wa ƙeta, shi ya kashe su. An ba su 19, suka ci 10. A wasan da aka rasa da maki biyu!

Nura: Tsaya, Yaya, ai maganarki ta goyi bayan Malam.

Hajara: Ta yaya?

Nura: Idan koci ya san yaransa ba su iya jifan kyauta ba, me zai sa ya zaɓi salon da zai kai su can? Kana riƙe ƙwallo, dole abokin hamayya ya yi maka ƙeta da gangan don ya karɓa. Ai kai ka kai kanka.

Malam Bala: Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Abin da Valvano ya yi ke nan. Dereck Whittenburg da Sidney Lowe na NC State suka riƙa jefawa daga nesa tana shiga, aka dawo 52 da 52. Saura minti ɗaya da 'yan daƙiƙu, Valvano ya ce a yi wa Franklin ƙeta, ɗan aji ɗayan nan. Dokar ita ce sai ka ci jifan farko a ba ka na biyu. Ya ɓarar da na farkon.

Nura: Wayyo. Yaro ɗan shekara nawa, duniya na kallonsa.

Hajara: Sai NC State ta riƙe ƙwallo don jifan ƙarshe, kuma gaskiya ba su tsara komai mai kyau ba. Thurl Bailey ya rasa yadda zai yi a kusurwa, ya wurga wa Whittenburg can baya, Anders ya kai hannu har ya taɓa ta, saura ƙiris ya ƙwace. Whittenburg ya juyo ya cilla daga kusan mita tara. Ko ƙarfen kwandon ba ta kai ba. Abokin wasansa Lorenzo Charles na tsaye a ƙarƙashi, ya cafe ta a iska ya danƙara. 54 da 52.

Nura: Masu danƙarawa aka kashe da danƙarawa. Hakeem yana ina?

Malam Bala: Yana kusa, amma ya ɗan taso daga ƙarƙashin kwandon, bai yi tsalle ba. Kada dai ka ɗora masa: maki 20, cafkewa 18. Shi aka ba gwarzon gasar duk da an doke su, kuma tun daga shi ba a sake ba wa ɗan ƙungiyar da ba ta ɗauki kofi ba.

Hajara: Drexler ya tafi Portland a shekarar. Hakeem ya tsaya, suka sake kaiwa wasan ƙarshe a 1984, Georgetown ta Patrick Ewing ta doke su 84 da 75. Sai a 1995 su biyun suka ɗaga kofi tare a Rockets. Jami'ar kuwa ta sake zuwa wasan ƙarshe a 2025, Florida ta ci ta 65 da 63.

Nura: Maki biyu kuma?

Malam Bala: Maki biyu, kuma nan ma suna gaba bayan hutun rabin lokaci aka kamo su.

Hajara: To wannan dai ba za ka ce Guy Lewis ba ne, Malam. Masu sauraro, ku turo mana naku hukuncin, koci ko jifan kyauta, za mu karanta a shiri na gaba. A madadin Malam Bala da Nura, mu kwana lafiya.