Lacca: idan ƙararrawar jirgin jet ta fara kuka a tsakiyar ruwa

To jama'a a matso gaba, na baya kuna ji na? Yawwa. Abu uku zan faɗa kan jirgin ruwa mai jet, wanda ba shi da farfela a waje. Wani manomi ne a Niyu Zilan, Bill Hamilton, ya ƙera nasa wajen 1954 don kogunansu ba zurfi sai tsakuwa, ya mai da farfelar ciki, tana zuƙo ruwa ta ƙasan jirgi tana feso shi ta baya.

Na ɗaya zafi, kuma nan zan daɗe ku yi haƙuri. Yawancin jiragen nan ruwan da ke sanyaya inji ko salansa daga wannan famfon jet ɗin yake zuwa. Kun gane? Daga famfon! Kenan in leda ɗaya ta manne a ragar ƙasa inda ake zuƙo ruwan, ko kainuwa ta cushe wajen, tafiya ta mutu kuma sanyaya ta mutu. Za ka ji inji na ihu, ka ba shi wuta ya ƙara ihu amma jirgi na rarrafe, kamar mota ta kafe a yashi taya na juyawa a banza, ga jijjiga a ƙarƙashin ƙafarka, can sai fiii fiii. Wani sai ya ƙara taka totur wai zai fizge dattin. Kai malam kashe! Kashe inji, zare makulli ka sa a aljihunka, a aljihunka na ce, ba a hannun yaronka ba, kafin ka tura hannu. Wasu irin na Yamaha suna da murfin da kake buɗewa ta sama ka ciro dattin, wasu kuwa sai ka shiga ruwa. Igiya da zaren taru su ne mugaye, suna naɗe shaf, wato sandar ƙarfen da ke juya farfela, su ɗame tamau, sai da wuƙa a hankali. Tsakuwa kuma in ta shige tana cinye bakin farfela da zoben da ke kewaye da ita, ko ka cire ta ƙarfin ba zai dawo ba sai an canza. Shi ya sa ba a tayar da inji inda ruwa bai kai cinya ba.

Na uku... na biyu ne? To, baƙin mai. Fitilarsa ta kama, kashe kawai a ja ka. Batir kuma duba kawunansa ko sun yi tsatsa.

Na'am Alhaji? Wankin cikin inji da tiyo a tudu? Madalla da ka tambaya. Inji za ka fara tayarwa sannan ka buɗe ruwa, in ka gama ka rufe ruwa tukuna kana ka kashe inji. Ka juya wannan, ruwa ya bi ta salansa ya cika silinda, gobe ka murɗa makulli ka ji ƙwas, ya ƙi juyawa.