Hirar Bakin Gareji: Tiyon Mai a Mota Mai Turbo

Hadiza: Assalamu alaikum masu saurare. Daga Damagaram muke, ni Hadiza da Isufu, yau a garejin Baba Laminu da ke Zango. Baba, ina gajiya?

Baba Laminu: Babu gajiya, ɗiyata. Ku matso inuwa.

Isufu: Baba, ni na jawo zancen nan. Watan jiya ina dawowa daga Matamaye, warin esansi ya cika mini mota. Da na ɗaga kapo, sai ga tiyo yana tsartuwa, tsakaninsa da turbo bai kai taƙi ɗaya ba. Wallahi sai da gwiwata ta yi sanyi.

Baba Laminu: Allah ya tsare ka, Isufu. Turbo, wato na'urar da ke ƙara tura iska cikin inji, da hayaƙin inji yake juyawa, zafin wajen yakan wuce digiri 800 in mota ta ɗauki kaya. Ka ƙara da ranarmu ta Afrilu da Mayu. Roba tana bushewa, ta tsattsage, galibi daga bakin koliye, wato zoben ƙarfen da ke matse bakin tiyo, take farawa.

Hadiza: To ba sai mutum ya shiga Kasuwar Dole ya yanko mita ɗaya ba?

Baba Laminu: Nan ake halaka, ɗiyata. Tiyo baƙi ne duka a ido, amma ki karanta rubutun jikinsa. Mai lamba 30R7 na tsofaffin motoci ne masu karbureta, ƙarfinsa a ma'aunin matsi bai wuce bar 3 da rabi ba. Mota mai injekta kuwa, famfonta yana tura mai da kusan bar 3 tun tana tsaye, kuma a turbo da yawa, in iska ta ƙaru, matsin mai ma yana ƙaruwa daidai da ita. Kin ga an wuce iyakar 30R7. Ita 30R9 take so, wanda ke ɗaukar kusan bar 7. Na taɓa ganin an ɗaura tiyon ruwa a layin mai. Sati biyu ya kumbura, ya yi laushi kamar tuwo.

Isufu: Nawa ma an ce koliyen ne ya ci shi.

Baba Laminu: Wannan mai ramuka-ramuka da ake ɗaurewa da sukurdireba, yana yanka roba in an matse. Akwai mai santsin ciki, shi ne na injekta. Wasoshin jan ƙarfe kuma, in ka kwance, sa sababbi. Kuɗinsu bai taka kara ya karya ba.

Hadiza: Yaran gareji suna jin mu, Baba. Da me ake farawa?

Baba Laminu: Inji ya huce tukuna. Ka zare fiyus na famfon mai, ka tada mota, ka bar ta ta mutu da kanta, matsin ya sauka ke nan. Sannan ka cire kan batir na baƙar waya. Tsumma a hannu, tukunyar kashe gobara kusa, mai shayi ya ja murhunsa can nesa. Sabon tiyo ya bi hanyar tsohon, kada ya gogi ƙarfe, kuma a mayar da farantin tare zafi. Yara suna yawan jefar da shi, wai ba ya aikin komai, abin yana ƙona mini rai.

Hadiza: Amma turbo ɗinmu a nan yawanci na gazuwal ne, su Hilux da Land Cruiser masu hanyar Tanut da Agadas.

Baba Laminu: Su ƙananan tiyoyin komawar mai ne ke tsagewa, iska ta shiga, mota ta ƙi tashi da safe. Bututun ƙarfen injekta kuwa, a sababbin injuna matsinsu ya haura bar 1,500, man yana huda fatar mutum. Kada wanda ya sassauta su inji yana aiki.

Isufu: In an gama ɗaurawa fa?

Baba Laminu: Murɗa makulli sau uku ba tare da ka tada ba, ka bi kowane haɗi da farar takarda. In ta fito busasshiya, ka tada. Kawo taka jibi in sake dubawa, koliye yakan saki bayan zafin farko.

Isufu: In Allah ya yarda, Baba, da hantsi.