Maiƙon fuska ba dauɗa ba ne

Laccar da wata ma'aikaciyar jinya ta gabatar wa ɗalibai mata a wata Islamiyyar matan aure, kamar yadda aka rubuto ta daga faifan da aka naɗa.

Assalamu alaikum. Iyayena da ƙannena, barkanmu da yamma. Na baya kuna jina? To, madalla.

Kowacce ta dubi tafin hannunta. Komai zafin bazara, gumi zai yi, amma ba zai yi maiƙo ba. Dalili kuwa, 'yan jakunkunan da ke tatso maiƙo a ƙarƙashin fata babu su a tafin hannu da na ƙafa. Inda suka yi cincirindo shi ne goshi da hanci da haɓa, sai ƙirji da gadon baya. Abin da ke zuga su sinadarin balaga ne da ke cikin jini, sai kuma gado. Shi ya sa yarinya tana shiga shekara 12 ko 13 hancinta zai fara sheƙi, wata kuma sai al'ada ta matso kuraje su feso. Abu ne daga ciki, kamar rijiya: ki kwashe da safe, kafin azahar ta sake kawowa.

Na taɓa ganin wata budurwa, kumatunta sun yi jajur suna saɓa kamar ƙuna. Na ce me kike yi? Ta ce sau shida take dirje fuska da soso da sabulun wanki, da dare ta matsa lemon tsami. Babarta na gefe tana cewa, "Ai ƙazanta ce, Sista." Wallahi yarinyar nan tsaftar ce ta yi mata illa. Fatar mutum tana da ɗan tsami-tsami na halitta da ke kare ta, shi kuwa sabulun wanki kaifinsa na kanwa ne, yana kwashe wannan kariyar. Ko sabulun salo da muke ji da shi, in ya yi ƙarfi haka yake yi. Rijiyar kuma tana nan ba ta ƙafe ba, sai a tashi da maiƙo, ga raɗaɗi.

Sabulu mai laushi sau biyu a rana ya isa, safe da dare, da tafin hannu, ba soso. Alwala ba ta cikin lissafi, ruwa ne zalla. Lemon tsami kuwa ku bar shi a kunu. In ya haɗu da rana yana ƙona fata, ya bar baƙin tabo. Man goge baki ma na baki ne.

Sai masu cewa mai maiƙo ba ta shafa mai. Tana shafawa, musamman da hunturu, sai dai mai ruwa-ruwa marar nauyi. Man kwakwa yana toshe ƙofofin fata ga mutane da yawa. Man kaɗanya da basilin ku kai su gwiwa da kaushi. Hoda kuma kada a kwana da ita.

Gyaɗa baiwar Allah an ɗora mata laifi. Man da kika ci a ƙuli-ƙuli ba ya bin jijiya ya ɓullo a goshi. Abin da bincike ya fi nunawa da yatsa a kan kuraje shi ne yawan zaƙi: lemon kwalba, sukari, burodi, sai madara ga wasu.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne. Man haɗi da ake ƙullowa a roba babu suna, a ce yana kashe kuraje yana ƙara haske, da yawansu akwai sinadarin sitiroyid a ciki, irin su kilobetasol da betametason. Makon farko fuska ta yi luwai, har maƙwabta su fara tambaya. Bayan 'yan watanni fata ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta fito, kuraje su dawo da 'yan uwansu, kuma ranar da kika daina ranar fuska za ta ɗau wuta. Duk abin da babu lambar NAFDAC, babu jerin abin da ke ciki, kada ya taɓa fuskarki, ko aminiyarki ce ta haɗa.

A kemis akwai sabulun ruwa mai sinadarin salisilik, kashi 2 cikin ɗari, yana shiga ƙofar fata ya narkar da maiƙon da ya toshe ta. Ga kuraje masu ja akwai benzoyil feroksaid, ki fara da mai kashi 2.5. Ki kula, yana cin launin tufa, zai ɓata miki hijabi da rigar filo. Kuma sai an yi mako 6 zuwa 8 ake ganin aikinsu. Ba a matsa ƙurji. A baƙar fata tabon yana fin ƙurjin daɗewa.

Na'am, Hajiya? Tana tambaya ne kan 'yarta, maiƙo da kuraje ga gashi a haɓa, al'ada kuma sai ta yi wata uku ba ta zo ba. Hajiya, wannan ya wuce maganar sabulu, yana iya zama daga ƙwan mahaifa ne, ki kai ta wurin likitan mata a duba. Mai juna biyu ma kada ta sha ko ta shafa maganin kuraje sai ta nuna wa likita, don akwai wanda ke nakasa ɗan da ke ciki.

Malama tana nuna mini agogo, an kusa kiran magariba. Mai sauran tambaya ta same ni a bakin ƙofa.